Tsofaffin Gurneti da Hotunan 'Yan Mazan Jiya: Bayani ga Jama'a da Shugabannin Al'umma

A ƙasashen Ingila da Faransa da Beljiyam da Amurka akwai mutanen da suka ɗauki tara tsofaffin kayan yaƙi a matsayin abin sha'awa, wasu kuma a matsayin sana'a. Suna da kasuwanninsu da ƙungiyoyinsu, kuma tun da intanet ta yaɗu cinikin ya daina sanin iyakar ƙasa. Abubuwan da suke nema sun haɗa da hulunan kwano, da lambobin yabo, da wuƙaƙen bakin bindiga, da wasiƙun da sojoji suka rubuto gida, da hotuna, har ma da gurneti. Wannan bayani ya taƙaita ne a kan biyun ƙarshe, domin su ne suka fi shafar jama'armu, kuma sau da yawa a akwati ɗaya ake samun su. Muna so magidanta da masu unguwanni da dagatai da jami'an ƙananan hukumomi su san bambancin da ke tsakaninsu. Hoton tsohon soja gado ne da ya cancanci a adana shi da kyau. Gurneti kuwa, komai tsufansa, makami ne da bai kamata ya kwana a gidan kowa ba.

Yadda waɗannan kaya suka iso gidajenmu

Kamar yadda aka sani, 'yan Arewa sun daɗe cikin aikin soja. Rundunar Afirka ta Yamma da Turawan Ingila suka kafa a 1897, wadda daga baya aka fi sani da RWAFF, ta ɗebi mutane masu yawa daga wannan yanki, har Hausa ta zama harshen bariki. A Yaƙin Duniya na Ɗaya an yi gumurzu da Jamusawa a nan maƙwabta, cikin ƙasar Kamaru. Garwa ta faɗi a watan Yuni na 1915, amma Jamusawan da suka ja daga a kan dutsen Mora ba su miƙa wuya ba sai a Fabrairun 1916. Sanannen sojan nan Chari Maigumeri, wanda aka sa wa barikin Lokoja sunansa, a ɓangaren Jamus ya fara aiki. An kama shi a Garwa a 1915, ya shiga rundunar Nijeriya a 1917, ya yi yaƙe-yaƙen duniya biyu, bai ajiye kaki ba sai 1953.

A Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu ke kira yaƙin Hitila, sojojinmu sun fara fafatawa da Italiya a gabashin Afirka. Sun shiga Mogadishu a Fabrairun 1941, suka kai Harar ta ƙasar Habasha a watan Maris. Bayan nan aka kafa Runduna ta 81 da ta 82, aka ɗauke su a jirgin ruwa zuwa Indiya, daga can suka shiga dazuzzukan Burma, wato Myanmar ta yau, inda suka yaƙi Japan a 1944 da 1945. Wanda duk ya taɓa mamakin sunayen barikokinmu, irin su Dalet da Kalapanzin a Kaduna, da Chindit a Zariya, da Myohaung da Dodan a Legas, to daga wancan fage aka samo su. Da suka dawo ne marigayi Sa'adu Zungur ya yi waƙarsa ta Maraba da Soja. Sai aikin kiyaye zaman lafiya a Kwango daga 1960 zuwa 1964, sai yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, sai Laberiya da Saliyo a shekarun 1990.

Kowanne daga cikin waɗannan zamunna ya bar wani abu a adakokin gidajenmu. Yawanci abin da soja ke dawowa da shi bai wuce takardar sallama da lambobin yabo da hoto ɗaya ko biyu ba. To amma duk da cewa dokar soja ta hana, akan samu wanda ya ɓoyo harsashi ko gurneti cikin kayansa don tunawa da fagen daga. Shi ya san abin da ya ajiye, ya kuma san yadda zai kiyaye kansa. Bayan rasuwarsa sai abin ya faɗa hannun 'ya'ya da jikoki waɗanda ba su taɓa ganin irinsa ba. Akwai kuma waɗanda garma ko zaizayar ruwa ke tonowa a tsofaffin filayen atisaye da wuraren da aka taɓa yaƙi, ga kuma tarkacen da rikicin Arewa maso Gabas ya bari tun daga 2009.

Dalilin da ya sa tsufa ba ya kashe gurneti

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zaton cewa abin da ya yi tsatsa ya mutu. Don a fahimci inda kuskuren yake, bari mu ɗauki gurnetin da sojojinmu suka fi riƙewa a zamanin Turawa, wato samfurin Mills. Wani Bature mai suna William Mills ne ya fito da shi a 1915, kuma an ƙera sama da miliyan 70 a Yaƙin Duniya na Ɗaya kaɗai. Sojan Ingila bai daina amfani da shi ba sai farkon shekarun 1970. Girmansa bai wuce na babban mangwaro ba, nauyinsa kimanin kashi uku cikin huɗu na kilo, jikinsa na baƙin ƙarfe ne mai tsage-tsage kamar bayan abarba. A gefensa akwai wani hannu mai kama da cokali, wanda wata 'yar ƙusa mai zobe ke riƙe da shi. Wannan hannu shi ke danne wani ƙarfe da aka ɗana a ciki kamar tarkon ɓera. Da zarar ƙusar ta fita, hannun ya saki, sai ƙarfen ya daki abin kunna wuta, bayan daƙiƙa 4 ko 7, gwargwadon shekarar da aka yi shi, sai ya tarwatse. Ɓarɓashinsa na iya kaiwa nisan mita 90 ko fiye, nisan da hannun mutum ba zai iya jifa ba. Shi ya sa ake koya wa soja ya jefa ya kwanta a bayan kariya.

To, abin da shekaru ke yi wa wannan na'ura shi ne su cinye abin da ke riƙe da ita, su bar abin da ke fashewa. Tsatsa tana cin ƙusar har ta koma kamar tsinken tsintsiya, alhali tarkon da ke ciki yana nan a ɗane kamar ranar da aka ɗana shi. Sinadarin da ke kunna wutar kan ƙara saurin kamawa idan ya tsufa, har ya kai ga ɗan bugu ko faɗuwa daga kan gado ya ishe shi. Jinkirin nan na daƙiƙoƙi ma ba abin dogaro ba ne, don yana iya lalacewa gurnetin ya tashi nan take. Wasu makaman Japan da na Yaƙin Duniya na Ɗaya an cika su da wani sinadari da ake kira pikrik, wanda idan ya daɗe yana cuɗanya da ƙarfe yakan haifar da wani gishiri a bakin murfi, kuma murɗa murfin kawai na iya tayar da shi. Akwai kuma gurnetin hayaƙi mai ɗauke da farin fosfaras, wanda ke kamawa da wuta da zarar iska ta taɓa shi, ya manne a fata yana ci. Zafin ɗakin kwano a watan Afrilu ba ya yi wa ko ɗaya daga cikinsu kyau.

Ƙasashen da suka fi mu sanin wannan matsala sun isa shaida. A arewacin Faransa da yammacin Beljiyam, inda aka gama yaƙi tun 1918, har yau manoma na tono harsasan igwa da gurnetoci a lokacin huɗa. Sojojin kwance bama-bamai na Beljiyam kan kwashe sama da tan 100 a shekara, kuma a Maris na 2014 wani harsashi na wancan yaƙi ya hallaka ma'aikatan gini biyu a garin Ypres. A Fabrairun 2019 an tsinci gurnetin Jamus na Yaƙin Duniya na Ɗaya cikin dankalin da aka yi safararsa daga Faransa zuwa wata masana'anta a Hong Kong, ya lulluɓe da laka har ba a bambance shi da dankalin, kuma sai da 'yan sanda suka tarwatsa shi da gangan. A 2008 wani ƙwararren mai tara kayan yaƙi a jihar Virginia ta Amurka ya rasa ransa yana gyaran wani harsashin igwa na yaƙin basasar ƙasarsu, wanda aka gama tun 1865. Mutum ne da ya shafe shekaru yana wannan aiki, harsashin kuma ya haura shekara 140. A Mayun 2023, a jihar Indiana, wani magidanci ya mutu, 'ya'yansa biyu suka ji rauni, lokacin da iyalin ke duba kayan da kakansu ya bari suka ci karo da gurneti. Wannan na ƙarshe shi ya fi kama da abin da muke tsoro a gidajenmu.

A nan gida ma ba baƙon abu ba ne. Bayan fashewar rumbun makamai na barikin Ikeja a ranar 27 ga Janairu, 2002, wadda ta yi sanadin mutuwar fiye da mutum 1,000, sai a Oktoban 2023 rundunar soja ta ƙaddamar da aikin kwashe sauran makaman da suka watsu a wurin, kuma bayan shekara 21 an same su da yawa ba su fashe ba. A 2017, a gaban Kotun ECOWAS, Gwamnatin Tarayya ta amince da biyan Naira biliyan 88 domin diyya da kuma kwashe nakiyoyi da bama-baman da yaƙin basasa ya bari. A Janairun 2024 kuma, a garin Gubio na jihar Borno, yara almajirai shida sun rasu lokacin da wani abin fashewa da ya shigo cikin tarkacen ƙarafan da ake tsintowa ya tashi. A nan ne muke ganin haɗarin ya fi girma a karkararmu. Yaro mai jari-bola ba ya ganin gurneti, nauyin ƙarfe yake gani. Ɗan gwangwan zai ɗora a sikeli, ya jefa a buhu, buhun ya hau kura ko bayan mota. Ƙarshenta sai ya isa hannun maƙeri ko mai narka dalma, wanda aikinsa guduma ne da wuta.

Masu cinikin irin waɗannan kaya a ƙasashen waje kan ce nasu fanko ne, an cire masa komai. Gaskiya ne akwai waɗanda ƙwararru suka kwance, kamar waɗanda ake nunawa a Gidan Tarihin Yaƙi na Ƙasa da ke Umuahia, akwai kuma na koyon jifa da aka ƙera ba tare da albarushi ba. Amma alamar da ke bambanta su fenti ne da 'yan ramuka, fenti kuwa yana goge wa, rami kuma ƙasa na toshe shi. Ba a gane fanko da ido, ba a gane shi da girgizawa a kusa da kunne. Ko tsohon soja da ke cikin gari, duk da girmamawar da muke yi masa, bai kamata a kai masa ya duba ba, domin jefa gurneti daban, kwance shi daban.

Matsayin doka a bayyane yake. Dokar Makamai ta 1959 ta lissafa bama-bamai da gurneti cikin makaman da aka haramta wa kowa mallaka sai da lasisin Shugaban Ƙasa, kuma hukuncin wanda aka samu da laifi ɗauri ne da bai gaza shekara 10 ba. Dokar ba ta ware wanda ya gada ko wanda ya saya don ado ba. Saboda haka abin da ake yi a wata ƙasa da sunan sha'awa, a nan laifi ne, kuma wanda ya yi tayin sayen irin wannan kaya a ƙauye shi ma abin a sanar da hukuma ne.

Idan an ga abin da ake zargi, kada a taɓa, kada a zungura da sanda, kada a jefe shi da dutse. A koma ta hanyar da aka biyo, a janye mutane da dabbobi aƙalla mita 100, fiye da haka nesa ba kusa ba idan abin babba ne. A sa alama daga nesa da ƙaya ko jan ƙyalle, a tsayar da babban mutum ya riƙa kore yara, kada kuma a cinna wa dajin wuta. Sai a sanar da mai unguwa ko dagaci, shi kuma ya kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa ko sansanin soja, ko a kira lambar gaggawa ta 112 inda take shiga. Rundunar 'yan sanda na da sashe na musamman na kwance bama-bamai, aikinsu ke nan. Idan a cikin ɗaki aka same shi, kada a ɗaga akwatin, a fita a ja ƙofa, a kashe wutar girki da ke kusa. Muna jan hankali musamman a kan abubuwa biyu da mutane ke yi da kyakkyawar niyya. Na farko, ɗaukar abin a kan babur a kai wa 'yan sanda ko fadar hakimi, wanda ke jefa duk wanda aka wuce a hanya cikin haɗari. Na biyu, jefa shi a rijiya ko masai ko kududdufi. Ruwa ba ya kashe shi, ranar yasar rijiya ko ƙafewar tafki kawai yake jira.

Mun san abin da ke hana wasu magana shi ne tsoron kada a ce su ne masu laifi. Wanda ya kai rahoto da kansa matsayinsa daban ne da wanda aka kama yana ɓoyo ko yana ciniki. Shawararmu ita ce a je tare da mai unguwa ko dagaci, a rubuta rana da lokaci da yadda aka samu abin, shugaban kuma ya tsaya a matsayin shaida.

Hotuna: abin da ya kamata a riƙe da hannu biyu

Abin takaici shi ne yadda al'amarin ke juyewa a gidaje da yawa. Ƙarfen da ya kamata a rabu da shi ana adana shi shekara da shekaru, takardar da ya kamata a adana kuwa ana barin ta ga gara da kyankyaso. A wajen rabon gado babu mai lissafa hoto, don ba gona ba ne, ba saniya ba ne. Sai ya bi wanda ya ɗauki akwatin, daga nan ba a ƙara jin labarinsa.

Darajar waɗannan hotuna ta wuce yadda ake zato. Masu ɗaukar hoto na sojan Ingila sun ɗauki sojojinmu da yawa, kuma ana ajiye da hotunan a Gidan Tarihin Yaƙi na Landan, amma bayanin da ke ƙarƙashin da yawa daga cikinsu bai wuce a ce wani sojan Afirka ta Yamma ba, babu suna, babu gari. A Afrilun 2021 hukumar da ke kula da kaburburan sojojin ƙasashen renon Ingila ta fitar da rahoto inda ta amince cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, galibinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu a kan kabari ko dutsen tunawa ba, gwamnatin Birtaniya kuma ta nemi afuwa. Na yaƙin Burma sun fi samun kulawa, don akwai sunayen 'yan Nijeriya a maƙabartar Taukkyan kusa da birnin Yangon, amma wane ne a cikinmu zai je can? Saboda haka hoton da ke cikin adakar wata tsohuwa a ƙauye, wadda za ta iya cewa wannan mahaifina ne, sunansa wane, ɗan gidan wane, yana da abin da babban gidan tarihi na Landan ba shi da shi.

Hoton da kansa yana ba da labari ga wanda ya iya dubawa. Idan sojan na sanye da jar dara mai tuntu, da 'yar shara mai ado a kan kaki, da ɗamara, da gajeren wando da naɗin ƙafa, to kayan faretin zamanin Turawa ne, kafin a sauya su bayan samun 'yancin kai. Alamar bishiyar kwakwa a hula ko a wuya ita ce tambarin RWAFF. Malafa mai faɗi da aka naɗe gefenta ɗaya tana nuni ga kayan fagen daga na Yaƙin Duniya na Biyu. A dubi kafaɗa da kyau: baƙin gizo-gizo shi ne tambarin Runduna ta 81, an ɗauko shi daga Gizon tatsuniyoyin Afirka ta Yamma, wanda ke cin nasara da wayo. Mashi biyu a gicciye a kan gammo kuwa na Runduna ta 82 ne, gammon na tunatar da dubban 'yan dako da suka ɗauki kayan yaƙi a ka cikin dajin da mota ba ta shiga. Igiyar da ke hannun riga tana nuna muƙami, ɗaya las kofur, biyu kofur, uku saje. A juya bayan hoton kuma, don sau da yawa akwai hatimin mai hoto da sunan garin da aka ɗauka, wani lokaci ma wani birni ne na Indiya. Idan akwai lambobin yabo a cikin akwatin, a duba gefensu. Na Yaƙin Duniya na Ɗaya an zana suna da lambar soja a jiki, taurarin Afirka da na Burma na yaƙi na biyu kuwa yawanci babu suna, don haka idan aka raba su da hoto da takardar sallama an raba su da mai su ke nan har abada.

Abokan gabar tsohon hoto huɗu ne a ƙasarmu: danshin damina, hasken rana, ƙwari, da hannun mai son gyara. Fuskar hoton baƙi da fari an yi ta ne da wani siririn shafi mai kama da ƙaro, wanda danshi ke sa shi ya yi fumfuna ko ya manne da gilashi, rana kuma ta koɗar da shi. Hoton da ya riga ya manne da gilashin firam kada a ɓamɓare shi, a bar shi a haka. Kada a wanke, kada a goge da jiƙaƙƙen tsumma, kada a liƙe yagewa da salatif ko gam. Babbar ɓarnar da muka fi gani a wannan zamani ita ce kai hoto shagon kwamfuta a liƙe shi cikin roba da na'ura mai zafi, kamar yadda ake yi wa katin shaida. Ana yi ne don kariya, amma zafin da gam ɗin suna lalata hoton, kuma ba a iya cire shi bayan an yi. Abin da ya fi shi ne a sa kowane hoto cikin farar takarda mai tsabta, a shimfiɗe su cikin ambulan, a ajiye a akwatin da ke rufuwa sosai, a ɗora shi a kan wani abu nesa da ƙasa da bango mai tsattsafo. A riƙa buɗewa ana dubawa a farkon damina da ƙarshenta. Idan an samu tsohon fim ɗin da ake wanke hoto da shi, na kafin shekarun 1950, a raba shi da sauran takardu a nisanta shi da wuta, domin wasu irinsa na da saurin kamawa.

Abu mafi gaggawa shi ne rubuta suna, tun masu sani suna raye. A yi amfani da fensir mai laushi a gefen bayan hoton, ko a rubuta a wata takarda daban a haɗa su. Biro yana huda takarda, tawadarsa kuma na ratsawa zuwa fuska. A rubuta cikakken suna da laƙabi, da sunan mahaifi, da gari, da lambar soja idan tana cikin takardar sallama, da yaƙin da ya je, da shekarar da ya rasu. Da boko ko da ajami, duk ɗaya ne. Bayan haka a ɗauki hoton gaba da baya da wayar hannu, a inuwa, ba tare da walƙiyar waya ba, a tura wa 'yan uwa da ke wasu garuruwa. Wanda ke son ratayawa a bango sai ya wanke kwafi ya rataya, ya bar na asali a akwati. Mun san akwai gidajen da ba sa rataya hoto saboda fahimtarsu ta addini, wannan kuma ba huruminmu ba ne. Roƙonmu kawai shi ne kada a ƙone. Wanda ba ya son ajiyewa yana iya miƙa shi ga ɗan uwa ko ga gidan tarihi.

Game da sayarwa, hoto mallakar iyali ne, kuma ba mu ce doka ta hana kowa sayar da hoton kakansa ba. Sai dai mai saye yakan biya kuɗi kaɗan, kuma da zarar hoton ya shiga kasuwa sunan mai shi ke fara ɓacewa, ya koma hoton wani baƙin soja kawai. Bugu da ƙari, dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana sayar da kayan tarihi ga wanda ba wakilin hukumar ba, ta kuma hana fitar da su ƙasar waje ba tare da izini ba, don haka kayan da suka daɗe ƙwarai, musamman na kafin 1918, a nemi shawarar hukumar kafin a yi cinikinsu. Iyalan da ke son a adana musu, ko a ɗauki kwafi a mayar musu da nasu, suna iya tuntuɓar Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ko Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa reshen Kaduna, ko Gidan Makama a Kano, ko Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Duk abin da aka miƙa, a karɓi takardar shaida mai nuna ko kyauta ce ko aro.

Masu unguwanni da dagatai sun fi kowa sanin gidajen da suka taɓa fitar da soja. Muna kira gare su da su yi amfani da lokacin da aka yi rasuwa ana shirin buɗe kayan mamaci, su tunatar da magada cewa babban mutum ne zai buɗe akwatin tsohon soja, a hankali, ba tare da yara a ɗakin ba, kuma idan an ga baƙon ƙarfe a tsaya a nan. Jami'an ƙananan hukumomi kuma su isar da wannan bayani ga shugabannin 'yan gwangwan da maƙera da masu walda da malaman makarantun allo da na boko, da kuma manoma kafin a fara sharar gona. Ranar tunawa da 'yan mazan jiya, wato 15 ga Janairu ta kowace shekara, dama ce da kowace gunduma za ta iya haɗa kai da reshen ƙungiyar tsofaffin sojoji na yankinta, a buɗe littafi ɗaya a ofishin hakimi, a rubuta sunan kowane tsohon soja da garinsu da yaƙin da ya je, da sunan gidan da hotonsa yake.